Kwalaben Kawu da Dilan da Ba a Tambaya Ba

Saura 'yan kwanaki a kama azumi wasu jami'ai suka tsaya da mota a ƙofar shagon kawuna da ke Mabera, a cikin garin Sakkwato. Suka bi kanta ɗaya bayan ɗaya suna juya kaya, suka fitar da katon huɗu na jam, irin wanda ake shafa wa burodi, da wasu gwangwanayen abarba da suka kumbura, suka loda a bayan mota suka wuce. Da na je bayan la'asar na tarar da shi zaune a kan benci ya rafka tagumi, rediyonsa a kashe, abin da ban saba gani ba.

Na ce, "Sannu Kawu. Ashe abin da ya faru ke nan?"

Ya ce, "Bari, ɗana. Sunka zo, sunka kwashe, sunka tahi, ko takarda ba su ba ni ba. Shi kau wanda yas saishe ni kayan shina can kasuwa lahiya lau, sito nai cike. Ni ɗai anka gani."

Akwai kwalba ɗaya da ta gangara ƙarƙashin kanta ba su gan ta ba. Na ɗauko. Murfin ya yi tozo, ina murɗawa ya huce kamar an buɗe lemon kwalba, wani tsami-tsami ya bugi hancina. A saman jam ɗin ga fumfuna fara-fara da ratsin kore. Kawu ya leƙa ya ce, "Hunhuna ɗai ta. A sa cokali a kwashe ta bisa, na ƙasa ba abin da yas same shi."

A nan muka raba gari, kuma har yau ba mu gama shiryawa a kan maganar ba. Ni dai ina goyon bayan kwashe kayan. Da 'yata ce aka shafa wa abin da ke cikin kwalbar nan a burodin buɗa-baki, ba zan tsaya tambayar ko mai shagon talaka ne ko kawun wani ne ba. Na faɗa masa haka a gabansa, ya kwana biyu yana amsa gaisuwata ciki-ciki.

Maganar kwashe ta sama a ci ta ƙasa ba Kawu kaɗai ke yin ta ba, don haka ya kamata a tsaya a kanta. Abin da ke hana jam lalacewa sukari ne da tsamin 'ya'yan itacen da dafuwa da kuma murfin da ya kama gam. Sukarin da ke cikin jam na kirki ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye, shi ne ke riƙe ruwan da ke ciki ya hana ƙwayoyin cuta samun abin sha. Da zarar an rage sukari don a ci riba, ko murfi ya saki, ko an tula kayan a inda zafi ke dukansu, sai katangar ta fara zubewa. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda cikin shago mai rufin kwano yake da azahar. Rana ta gasa kwalba, dare ya ɗan yi sanyi, gumi ya taru a ƙarƙashin murfi ya ɗiga a saman jam ya tsinka sukarin wajen, nan fumfuna ke samun wurin zama. Abin da ido ke gani kanta ne kawai. Saiwoyinta sirara ne, suna nutsawa cikin abinci mai laushi, wasu nau'o'inta kuma suna fitar da guba da ke bazuwa inda cokali ba zai kai ba. Akwai wadda ake kira patulin, da aka fi samu a ruɓaɓɓen tuffa da abin da aka sarrafa da shi, dafuwa ba ta gamawa da ita. Shi ya sa masana abinci ke cewa burodi ko jam da ya yi fumfuna a zubar da shi gaba ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, ba kasafai jam ke kashe mutum ba. Tsaminsa ya hana ƙwayar da ta fi kowace haɗari a abincin gwangwani rayuwa, wato wadda ke haddasa ciwon botulizim mai shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Ita tana son abincin da ba shi da tsami, kamar kifin gwangwani da nama da wake. To amma sito ɗaya ake tara su duka. Hannun da ya ajiye jam har ya yi tozo shi ne ya ajiye kifin gwangwani da madarar jarirai da tumatirin leda, a zafi ɗaya, a ƙarƙashin kwano ɗaya. Kwalbar Kawu, a wurina, ɗan aike ce ta zo da labarin wani sito, sai aka kama ɗan aiken aka ƙi sauraron saƙon.

Dokar da ta ba hukuma ikon yin kamen ba sabuwa ba ce. Dokar Abinci da Magunguna ta ƙasar nan tun ta 1974 ce, ta hana sayar da abincin da ya ruɓe ko ya gurɓata ko bai dace mutum ya ci ba. A 1993 aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 1999 aka ƙara wata dokar a kan jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa. Mutanen da suka girme ni suna tuna zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da har tsohuwar da ba ta yi boko ba ta koyi juya kwali tana neman lambar hukuma. Kafin duk wannan akwai duba-gari, wanda kakanninmu ke jin tsoron ya buɗe randa ya ga tsutsar sauro. Kafin duba-gari kuma, Daular Usmaniyya da aka kafa a garin nan tana da muhtasibi mai lura da mudu da sikeli da algus a kasuwa. Duk ɗan makarantar zaure ya san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka wanda zai ce kwashe ruɓaɓɓen kaya daga kasuwa baƙon abu ne da Turawa suka kawo, bai san tarihin garinsu ba.

Ba mu kuma rasa gawarwakin da za su tuna mana ba. A farkon 2021, gab da azumi, mutane suka riƙa faɗuwa a Kano bayan shan lemon da aka haɗa da garin ɗantsami da kayan ɗanɗano marasa kyau. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 suka rasu, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu da ciwon ƙoda. A watan Agustan shekarar, a nan jiharmu, ƙauyen Danzanke da ke ƙaramar hukumar Isa, mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa gishirin lalle a abinci a zaton gishirin miya ne. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe kimanin 137,000. Mu nan yawancin namu ba ya shiga lissafin kowa, gudawa ce da amai, a jiƙa sassaƙe, a ce shawara ce ko zafin gari.

To ina na tsaya tare da Kawu? A kan kalmar nan tasa: ni ɗai anka gani.

Ga yadda kayan suka zo hannunsa. Dila ya kira shi ya ce akwai jam mai sauƙi, kusan rabin kuɗi, ya ɗauka ya biya in ya sayar. Kawu ba ya karanta rubutun boko sai da ƙyar, idonsa ma ya yi rauni, kwanan watan kuwa an buga shi da ƙananan baƙaƙe a gefen murfi. Saura wata guda wa'adin ya cika lokacin da ya karɓa. Jam ba kayan da ke gudu ba ne a unguwa irin tamu, inda mai shayi ya fi sanin bota da madara, sai gidajen ma'aikata da masu yin kek ke tambayarsa jefi-jefi. Wa'adi ya cika, ya wuce, kaya na kan kanta. Ban wanke Kawu ba, ya san araha irin wannan ba ta zuwa banza, kuma ya ga murafun suna tashi ya kau da kai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma dilan ya san abin da yake yi ciki da waje. Ya duba sitonsa ya ga kayan da za su mutu a hannunsa, ya nemi wanda zai mutu da su. Ranar da aka kwashe, asarar ta zauna a kan Kawu ita kaɗai, har da bashin kayan da ba ya hannunsa.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Idan jami'i kwanan wata kawai yake dubawa, wanda zai kama shi ne wanda bai goge ba. 'Yan kasuwa sun san sana'ar: a sa auduga da sinadari a share tsohon kwanan wata, a buga sabo da ɗan inji, kayan da suka yi esfaya bara su koma sababbi fil. NAFDAC da kanta ta sha sanar da gano rumbunan da ake wannan aiki a manyan kasuwannin ƙasar nan. Wannan kayan zai wuce duba na ido salin-alin, shi kuwa tsohon da ya bar kwanan watan yadda kamfani ya buga, saboda gaskiya ko saboda rashin wayo, shi ne za a kwashe wa. Kamen da ya tsaya a kan kanta yana koya wa kasuwa darasi, amma darasin shi ne a iya gogewa. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuma yana kallo yana ƙara ilmi.

Ban da haka, kwanan wata da lalacewa ba abu ɗaya ba ne. Wani kayan wa'adinsa ya wuce da mako biyu amma lafiyarsa lau, sai dai ɗanɗano ya ragu. Wani kuma saura masa shekara a takarda, amma ya kwana uku a bayan tirela a rana tsakanin Legas da Sakkwato, ko ya shigo ta Illela daga Ƙonni a kan babur, ya riga ya mutu. Raba waɗannan biyun aikin ɗakin gwaji ne da bin sawun inda kaya suka kwana.

Na taɓa karanta yadda Amurka ta yi da irin wannan matsala, kuma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A 1906 suka yi dokar tsaftar abinci da magunguna, zamanin shugaba Theodore Roosevelt, bayan wani masanin sinadarai na gwamnati, Harvey Wiley, ya shafe shekaru yana fallasa abin da kamfanoni ke zubawa a abinci. A tsarinsu, in an kama kaya, kayan ake kai wa ƙara kotu, sai ka ga shari'a mai suna Amurka da katon kaza na jam. Abin dariya ne a ji, amma akwai hikima a ciki, domin dole mai kayan ya fito ya kare su ko ya sallama. Bayan an yanke hukunci sai gwamnati ta buga sanarwa: kaya iri kaza, katon nawa, wane kamfani ya aiko, daga wane gari zuwa wane gari, ranar kaza, me aka samu a ciki, yaya aka yi da su. Dubban irin waɗannan sanarwoyi suna nan a ajiye har yau, da yawa a kan jam da tumatir da aka samu an yi su da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Tun wajen 1911 wani ma'aikacinsu, Burton Howard, ya fito da hanyar ƙirga zaren fumfuna a ƙarƙashin madubin gwaji, ta yadda ko an dafa ruɓaɓɓen tumatir an rufe warinsa da kayan ƙamshi, asirin zai tonu.

Ba kullum gwamnati ke cin nasara ba. A 1951 shari'ar wasu katon 62 na jam ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. Ƙa'idarsu ta ce jam na gaskiya ya ƙunshi kashi 45 na 'ya'yan itace, wannan kuwa kashi 25 ne kawai a cikinsa. Sai dai kamfanin ya rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalba cewa kwaikwayon jam ne. Kotu ta ce tun da ya faɗi gaskiyar abin da yake sayarwa, ba a da hurumin kwace masa. Ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane sun gani ke nan.

Ban kawo wannan don in ce Amurkawa waliyyai ne ba. Abin da nake nufi shi ne rubutu. Kamen da aka rubuta yana da sunan mai laifi, yana da hanyar da za a bi a koma baya, yana kuma ba wanda aka kwashe wa kaya damar cewa an zalunce shi. Kamen da ba a rubuta ba, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya, a idon mai shago bai da maraba da ƙwace. Kawu bai iya gaya mini daga wane ofis mutanen suka zo ba, domin masu ikon shiga shago suna da yawa, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma ba su bar masa ko guntuwar takarda ba. Washegari maganar da ke yawo a majalisar unguwa ita ce wai kayan za su sake fitowa a wata kasuwa. Ban yarda da wannan zargi ba, ba ni da hujja a kansa. Amma wa zai ƙaryata shi, tun da ba wanda ya ga lissafin abin da aka ɗauka balle na abin da aka ƙone?

Mun saba ganin bikin ƙone kaya a talabijin: tuli a bayan gari, manyan baƙi a ƙarƙashin rumfa, a zuba fetur, a ce an lalata kayan naira miliyan kaza. Adadin kuɗin shi ne kanun labari. Ni da ke da yara a gida, miliyoyin ba su amfane ni da komai ba. Abin da nake so in ji shi ne wane jam, wace lamba ce a gindin kwalbar, daga sitocin wace kasuwa ya fito, domin wataƙila akwai 'yar'uwarsa a kicin ɗina. A yi adalci, NAFDAC tana fitar da gargaɗi mai ɗauke da sunan kaya da lambar rukuninsu a shafinta na intanet. Amma da Turanci ne, kuma sai wanda ya je nema. Matar da ke sayen kayan buɗa-baki a Tsohuwar Kasuwa rediyo take ji. Minti biyar a gidan rediyon Rima da Hausa, duk mako, a karanta abin da aka kama da inda aka samo shi, zai yi aikin da wutar bayan gari ba ta yi ba. Dilan da ya san za a ambaci layin shagonsa a rediyo, a garin da kowa ya san kowa, zai yi tunani sau biyu kafin ya kira wani tsoho a waya.

Abu na biyu da nake roƙo bai fi wannan wuya ba. Jami'in da ya ɗauki katon ya rubuta takarda biyu, ɗaya ga mai shago, ɗaya ga ofis, ya kuma yi tambaya ɗaya: wa ya sayar maka? Daga nan motar ta wuce can a ranar, kafin labari ya riga ta. Takardar nan ita ce makamin ƙaramin ɗan kasuwa a gaban shugabannin kasuwa, ya ce ga shaidar kayan da ka ba ni, ba zan biya ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna sasanta rigimar bashi kullum, wannan ba zai gagare su ba. In ya zama al'ada cewa kayan da suka kusa cika wa'adi suna komawa kan wanda ya rarraba su, shi ma ya mayar wa kamfani, to ba wanda zai ga ribar tura su ƙasa.

Inda ake tura su ɗin nan kuwa shi ne abin tsoro. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, jami'an da ke duba abinci kuma a birni suka fi yawa. Duk lokacin da aka matsa a cikin gari ba tare da an toshe sama ba, kayan ba ɓacewa suke yi ba, mota suke hawa. Su sauka a kasuwannin ƙauye ranar cin kasuwa, a shimfiɗa su a tabarma a rana, a sayar wa mutanen da asibitin kirki ya yi musu nisa, a wasu yankunan ma hanyar zuwa asibitin ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Tsaftace kantunan birni ta wannan hanya kwashe shara ce daga tsakar gida a zuba a ɗakin yara.

Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ce mini ina magana kamar ban san halin da suke ciki ba: mota ɗaya, man da ba ya isa, ɗakin gwaji mai nisa, ga manyan diloli masu lambar wayar manya. Na yarda da shi, kuma ban raina wahalarsu ba. Amma littafin rasit da biro ba su kai kuɗin man da aka ƙona zuwa Mabera ba. Batun masu lambar wayar manya kuwa, ai shi ne dalilin da ya sa nake son a rubuta. Abin da ke cikin takarda mai kwafi biyu ya fi wuyar kashewa da kiran waya ɗaya.

Mu masu saye ma da namu. Muna son a ce mana rabin kuɗi. Da tsadar da ake ciki ban ga laifin uban da ya ga abin marmari da sauƙi ya saya wa yaransa ba, amma juya kwalba a danna tsakiyar murfi a ji ko yana motsi ba ya cin ko sisi. Murfin da ke lotsawa yana dawowa iska ta shiga. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakin ɗinki, a bar shi ko kyauta ne.

Kawu ya biya dilan rabin kuɗin bayan an kai ruwa rana, dattawan layinsu suka raba musu asarar. Ana saura kwana biyar salla sai ga yaron dilan da Keke Napep, ya kawo samfurin wani jam ɗin, shi ma da sauƙi. Ina shagon a lokacin. Kawu ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya miƙo mini.

"Ɗana, duba man wagga. Mi anka rubuta?"

Kwanan watan ya nuna saura shekara ɗaya da rabi. Na karkata murfin wajen haske, sai ga wurin da aka buga lambobin ya dushe, ya fi sauran murfin haske, kamar inda aka goge allo. Na nuna masa da farce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar wa yaron ya ce ya gaida maigidansa.

Yaron bai ko yi musu ba. Ya mayar da kwalbar cikin katon, ya ce dama sauri yake yi, akwai motar ƙauye da ke jiransa a tasha kafin azahar.